Atisaye Ba Azumi Ba Ne, Ba A Ramuwarsa

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Saurayi ne haifaffen Makka, kuma tun ranar da ya ga gasar nan ta uku-a-ɗaya da ake kira tirayatulon hankalinsa bai sake kwanciya ba. Wani dare bayan isha'i muna zaune a Zahir, kusa da tsohuwar fadar nan da aka mayar gidan tarihi, sai na ga ya tashi ɗauko butar shayi yana ɗingishi. Na ce, "Kai, me ya samu ƙafarka?" Ya ce, "Ba komai Kawu, ramuwa nake yi." Ashe aikin Hajji ne ya cinye masa kwana 12 bai yi atisaye ba, alhazai na watsewa ya ɗauko jadawalinsa na mako 30, ya tattara duk gudun da ya wuce shi ya zuba cikin mako guda. Bayan mako uku likita ya nuna masa hoton ƙwaurinsa. Ƙashi ya tsage.

Ga wanda bai san gasar ba: doguwarta, wadda ake kira Ironman, ninƙaya ce ta kilomita 3.8, a fito daga ruwa a haye keke a yi kilomita 180, a sauka a yi gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.2, duk a yini guda, kuma bisa al'ada wanda ya haura awa 17 bai iso ba an shafa fatiha babu shi. Jimilla kilomita 226 ke nan, kamar Makka zuwa Jidda sau uku, ko kusan Kano zuwa Kaduna. An fara ta a tsibirin Oahu na Hawai ranar 18 ga Fabrairu 1978, mutum 15 suka shiga, 12 suka ƙarasa, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Yanzu sunan Ironman ya zagaye duniya, kuma rabin gasar, mai kilomita 113, ana yin ta a nan maƙwabta, Baharen da Oman. Wata likitar haƙora 'yar Jidda, Dina Al-Tayeb, ta kai har gasar duniya ta Kona, can Hawai, a 2018. To yaranmu sun gani, sun ce su ma sai sun yi. Babu laifi. Laifin yana cikin maganganun da suke ɗorawa junansu a majalisa, waɗansu gaskiya, waɗansu ƙanzon kurege, mafi yawa kuwa gaskiya ce da aka gutsure mata rabi.

Mu fara da wadda ta karya yaron nan: wai jadawali ba a taɓa shi, abin da ya wuce ka sai ka biya. Na san inda wannan tunani ya samo saiwa a zuciyar Bahaushe. Mun tashi mun san azumi idan ya kuɓuce ana ramawa, bashi ne a wuya. Amma jiki ba ya riƙe irin wannan littafi. Zuciya da huhu suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya daidaita. Agara da ƙashi kuwa masu nawa ne, watanni suke ɗauka. Ƙashi ma idan aka ƙara masa kaya, sai ya fara rushe tsohon gini kafin ya ɗora sabo, kuma a wannan tsakanin ya fi kowane lokaci rauni. Saboda haka mai keke da ninƙaya ya fi kowa shiga tarko: ƙirjinsa ya ƙoshi da horo, yana ce masa ci gaba, alhali ƙwaurinsa bai san dukan kwalta ba. Shi ya sa mafi yawan raunin da ke taruwa a hankali a wannan gasa daga gudu yake fitowa, ko da yake keke ne ya fi cin awoyi. Wani abin da yaron ya manta kuma, kwana 12 ɗin nan ba kwance ya yi su ba. A tsaye ya yi su, yana kai-komo da alhazai, barci rabi da rabi. Jadawalin ya rubuta masa sifili, ƙafarsa kuwa ta san abin da ta sha. Abin da masu horarwa na ƙwarai ke yi shi ne: kwana biyu ko uku suka wuce ka, ka bar su, ka ɗora daga inda kake. Mako biyu suka wuce ka, ka koma baya mataki guda, ka fara da gajeren gudu a hankali.

Sai dokar kashi 10, wadda kowa ke faɗa kamar hadda: kada ka ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan gudunka a mako, in ka kiyaye haka babu rauni. Rabin farko shawara ce mai kyau, rabin ƙarshe alkawari ne da babu wanda ya isa ya cika. A Groningen ta ƙasar Holan an gwada ta a kan sababbin 'yan gudu 532, aka buga sakamakon a 2008. Rukuni guda ya bi dokar tsawon mako 13, ɗayan ya bi shiri na mako 8. Waɗanda suka ji ciwo a kowane ɓangare kusan kashi 20 ne cikin 100, babu wani bambanci. Wani nazarin da Jami'ar Aarhus ta Denmak ta fitar a 2025, wanda ya bi sawun 'yan gudu fiye da 5,000 ta agogon hannunsu, ya nuna wani wurin da ba a cika dubawa ba: fita guda ɗaya da ta zarce mafi tsawon gudun da mutum ya yi cikin kwana 30 da suka gabata. Da zarar ƙarin ya haura kashi 10 haɗari ya fara hawa, in ya ninka kuwa sai abin da Allah ya yi. Wato kana iya kiyaye lissafin mako tsaf, ranar Juma'a ɗaya ka biye wa abokai ka yi kilomita 25 alhali 14 ka saba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Maganar ciwo ta fi wuyar warwarewa, domin gasar kanta da hoton wahala ta yi suna. A Fabrairun 1982 wata ɗaliba, Julie Moss, tana kan gaba a Kona ƙafafunta suka ƙi, ta yi ta faɗuwa tana tashi, a ƙarshe ta ƙarasa da rarrafe bayan Kathleen McCartney ta wuce ta. Talabijin ya nuna, duniya ta ɗauka. Tun daga nan ake ganin wanda bai yi rarrafe ba bai yi komai ba. Abin da ba a faɗa shi ne, wannan ranar gasa ce, 'yan taku kaɗan suka rage mata. Ba a gina wata bakwai na shiri a kan rarrafe. Gaskiya ne tsamin jiki bayan atisaye mai nauyi ba cuta ba ne. Yana kama ɓangarorin biyu, yana baje a tsoka, ya tsananta a rana ta biyu, ya wuce da kansa. Wanda ake tsoro daban yake: ciwon da za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa kana cikin gudu maimakon ya lafa, wanda ke canza maka taku, ko ya tashe ka cikin dare. In ka yi ɗan tsalle da ƙafar ka ji kamar an soka maka allura, ka ajiye takalmi ka nemi likita. Kuma kada a ruɗe ka da cewa "an yi hoto ba a ga komai ba." Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewa a makonni biyu ko uku na farko, na'urar MRI ce ke kama ta da wuri. Ciwon da ya zauna a matsematsi ko can cikin kwatangwalo kuwa ba a kwana da shi ana shawara, domin tsagewar wuyan ƙashin cinya tana iya ƙarewa a ɗakin tiyata.

A nan ne mai gasa uku ya fi mai gudu zalla sa'a, in yana da wayo. Ƙafa ta yi ƙorafi, sai ya kwashe awoyin ya kai ruwa da keke, zuciya ba ta rasa aikinta ba, ƙashi kuma ya samu sararin gini. Amma mutanenmu sun fi son gajeriyar hanya: a haɗiyi Brufen ko Voltaren kafin a fita, wai rigakafi. Wannan ƙarya ce mai haɗari. Ƙwayar ba ta hana rauni, muryar raunin take toshewa, kuma irin waɗannan magunguna suna rage jinin da ke isa ƙoda a daidai lokacin da gumi ya riga ya rage shi. Tiramol kuwa, wanda ya gama da samari da yawa a Arewa, hukumar tseren keke ta duniya ta hana shi a gasa tun 2019, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta bi sahu a farkon 2024. Ƙaho da tausa ban ce kada a yi ba, suna iya sa mutum ya ji sakayau. Ƙashin da ya tsage dai hutu yake so.

Yanzu ga wadda ta fi shafar mu a garin nan. "Ɗan Makka ya saba da rana, atisaye da tsakar rana shi ke ƙara juriya." Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, kuma ita ce ke sa a haɗiye sauran. Jiki yana sabawa da zafi: cikin kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki a yanayi mai zafi, ruwan jini yana ƙaruwa, gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke bin sa ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Amma wannan sabo da awa ɗaya ko ɗaya da rabi a rana ake samunsa, a hankali. Kuma wanda ya fito daga ɗaki mai na'urar sanyi ya shiga mota mai sanyi ya sauka a ofis mai sanyi, takardar haihuwarsa ce kawai ta saba da rana. Sabon ma yana da iyaka. A gasar duniya ta Doha a Satumban 2019 an ɗage gudun yada-ƙanin-wani na mata zuwa tsakar dare don gudun rana, duk da haka cikin ƙwararru 68 da suka tashi 28 ba su ƙarasa ba, saboda zafi da laima. Mu kuma ba sai an ba mu labarin Hajjin 2024 ba. Ma'auni ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana babu inuwa. Allah ya jiƙan su. Ƙasar da ta hana lebura aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ita ce wani zai fito a cikinta da keke a wannan lokaci ya ce horo yake yi.

Jadawalin da yaranmu ke saukewa daga intanet an rubuta shi ne don mutumin da zai fita ƙarfe 9 na safiyar Asabar a Jamus ko Ingila ya yi awa biyar a kan keke iska na kaɗa shi. Bai san da Agustan Makka ba. Gyaransa ba gazawa ba ce. Doguwar fita ta koma bayan asuba ko cikin dare, ko a raba ta biyu, ko a kafa keken a ɗaki gaban fanka. Wanda ke da hali ya haura Ɗa'if, inda tudu ya kusa mita 1,900 kuma iska ta fi sauƙi. A daina auna gudu da saurin da takarda ta rubuta, a auna shi da bugun zuciya da yadda numfashi yake: a zafi, saurin da ka saba zai ci maka zuciya fiye da kima, don haka ragewa shi ne daidai. Masanin nan Stephen Seiler da ke Norwe ya daɗe yana nuna cewa manyan 'yan dogon zango kusan kashi 80 na atisayensu a hankali suke yin sa, irin gudun da za ka iya hira a cikinsa. Mu namu kullum kamar an biyo su.

Rigar leda don "narka kitse" ba ta cancanci dogon bayani ba. Ruwa kake zubarwa ba kitse ba, kofi biyu zai mayar da shi, kuma ka toshe babbar hanyar da jiki ke huce kansa.

Wadda nake so a ji da kyau ita ce ta ruwan sanyi, don tun muna yara ake tsorata mu: kada ka zuba wa mai zafin jiki ruwan sanyi, sanyi zai kama shi, ko jini ya daskare. A kan bugun zafi wannan magana kisa take yi. Idan mai gudu ya fara tangaɗi, yana sambatu, bai san inda yake ba, ko ya faɗi, ana zaton zafin cikinsa ya haura digiri 40. Kada a jira fatarsa ta bushe, mai motsa jiki sau da yawa yana jiƙe da gumi a lokacin. Maganin da likitocin wasanni suka yi ittifaƙi a kai shi ne a sanyaya shi nan take, a tsoma shi cikin ruwa mai ƙanƙara in akwai, in babu a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, ana sa jiƙaƙƙen tawul a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma yana kiran 997 ko 911. Rabin awar farko ita ce ran mutum.

Kishiyar wannan kuma ita ce "sha ruwa iya cikinka, ruwa ba ya illa." Yana yi. A gudun Boston na 2002 an auna jinin 'yan gudu 488 bayan sun ƙarasa, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma babbar alamar ita ce sun ƙara nauyi a kan hanya saboda yawan sha. A wannan gasa wata matashiya ta rasu ta wannan dalili. Ruwa ya yi yawa, gishiri ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Masu tafiya a hankali na awoyi da yawa su suka fi shiga ciki, wato irin yaranmu. Hanya mai sauƙi: ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita guda ce ta gumi. In kuwa ka dawo ka fi nauyi, ka sha ya wuce. A doguwar fita a haɗa da abin da ke da gishiri da ɗan zaƙi, dabino ma yana aikinsa.

Akwai wata da ke yawo a gidajenmu musamman, wai mai jinin AS ba shi ba doguwar gasa. Tambaya ce da ta dace da mu, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da wannan gado, kuma a Saudiyya tun 2004 gwajin sikila kafin aure dole ne, saboda haka da yawa sun san nasu. Wani babban nazari da aka buga a 2016 kan sojojin Amurka baƙaƙen fata kusan 48,000 bai sami ƙarin mutuwa a tsakanin masu AS ba, amma ya sami ƙarin haɗarin narkewar tsoka da kusan rabi, daidai da abin da shan taba ke ƙarawa. To ba hani ba ne, gargaɗi ne. Abin da ke tayar da matsalar shi ne matsanancin ƙoƙari babu hutu, musamman a zafi, ko a kan tudu, ko da ƙishi, ko bayan zazzaɓi. Mai AS ya san kansa, ya gaya wa mai horar da shi, ya hau a hankali. Duk wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye, ko AS ne ko AA, asibiti zai nufa a daren. Mai SS kuwa maganarsa tana hannun likitansa.

Miƙe jijiyoyi kafin gudu yana hana rauni? An gwada a kan kuratan sojan Ostireliya 1,538, aka buga a 2000, ba a ga wani tasiri na kirki ba. Abin da ya nuna amfani a wani nazari na 2014 da ya tattara gwaje-gwaje 25 shi ne horon ƙarfi, wanda ya rage raunin wasanni zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ban ce adadin zai zauna daidai a kan mai tirayatulon ba, amma sau biyu a mako na tsuguno da ɗage dunduniya da ƙarfafa ƙugu ya fi ƙarin kilomita biyar amfani. Iyaye kuma da ke cewa gudu zai cinye wa yaro gwiwa, alƙaluma ba su goyi bayansu ba: wani nazari na 2017 ya sami amosanin gwiwa da kwatangwalo a kashi 3.5 na masu gudun nishaɗi, kashi 10.2 na masu zaman kujera, sai kashi 13.3 na 'yan gasa masu tsananin gudu.

Azumi fa? Waɗansu na cewa a rufe jadawali sai bayan Salla, waɗansu na cewa a ci gaba kamar ba a yi komai ba. Duk biyun sun kauce. Watan riƙo ne, ba na hawa ba. Ƙaramin motsi kafin magariba, mai nauyin kuma bayan an sha ruwa ko bayan tarawihi. Barazanar ma ba ta rana ce kaɗai ba, ta barci ce da ƙarancin ci. Wanda ke atisaye uku yana cin abincin mutum ɗaya, ƙashinsa ne ke biyan gibin, abin da Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kansa tun 2014, ga maza da mata. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, an samu sauƙi, amma goman ƙarshe a Makka kowa ya san ba a barci.

Kusa da gasa kuma sai tsoro ya sa a ƙara wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da bincike ya fi goyon baya shi ne a rage yawan atisaye da kashi 40 zuwa 60 cikin makonni biyun ƙarshe, a bar ɗan sauri kaɗan don kada jiki ya yi sanyi. Sai dai abu guda da ɗan Makka ba zai tsallake ba: teku. A gasannin tirayatulon na Amurka daga 1985 zuwa 2016 an ƙirga mutuwa da tsayawar zuciya 135, 90 daga ciki a ruwa suka faru, kuma maza masu shekara 40 zuwa sama sun fi yawa. Wanda duk iyonsa a kwamin ninƙaya ya koya, mai layi a ƙasa da bango a gefe, dole ya je Jidda ya ɗanɗani ruwan gishiri da igiya da cunkoson ƙafafu, kuma ba shi kaɗai ba. Wanda shekaru suka fara ja, ko a danginsa akwai mutuwar fuju'a, ya fara da likitan zuciya kafin ya biya kuɗin rajista.

Yaron ya yi wata biyu bai yi gudu ba, ya ɗaga gasarsa zuwa baɗi, kuma rabin zai fara yi. Kwanan baya na shiga gidansu na ga sabon jadawali manne a jikin firji, da fensir aka rubuta shi, makonni uku na Zulhajji babu komai a cikinsu sai zane. Na ce, "Nan fa, me za ka sa?" Ya ce, "Alhazai za su cike shi, Kawu." Uwarsa daga kicin ta ce ita dai har yanzu ba ta ga abin da ke bin sa ba.